Injiniya ko fizik: wace ƙofa ɗalibar Maraɗi za ta bi bayan bak?

Yarinyar da ta samu bak, wato takardar kammala sakandare, ta fannin kimiyya a Maraɗi, kuma hankalinta ya fi kwanciya da lissafi da na'ura fiye da aikin likita, ƙofa biyu ne suka fi kusa da ita a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: sashen fizik na tsangayar kimiyya da fasaha, wato FST, da kuma cibiyar IUT inda ake koyar da aikin gini, lantarki da injuna. Shawarar da ake ba ta a gida kusan iri ɗaya ce ko'ina: fizik ta fi dacewa da ƴa mace don ƙarshenta malanta ce, a tashi lakwal a koma gida, aikin injiniya kuwa rana ce da ƙura da hayaniyar maza. Wannan ma'auni ba ya taimakon kowa. Abin da ya kamata ki auna, ƙanwata, shi ne shekara nawa kike da tabbacin za a bar ki ki yi karatu ba a katse ba, ina ƙarfin lissafinki ya tsaya, sannan ko za a yarda ki bar Maraɗi idan karatun ya kai ki Yamai ko wata ƙasa. Hanyoyin biyu ba sa ba da amfaninsu a lokaci ɗaya, kuma nan ne bambancin yake.

Mu fara da tsarin shekaru. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: lisans shekara 3, zango 6, kowane zango maki 30 na kiredi, jimla 180, masta shekara 2, doktora aƙalla shekara 3. A lissafinki ki ƙara shekara ɗaya a kan abin da takarda ta ce, saboda yajin aiki da jinkirin buɗe shekara sukan sa zango ya hau kan zango. A IUT, bayan shekara 2 ana samun DUT, wato diflomar fasaha ta jami'a, bayan 3 lisans ta sana'a, kuma mai wannan takarda babbar ma'aikaciyar fasaha ce da kamfani zai iya ɗauka kai tsaye. Amma a gane abu ɗaya tun yanzu: ba ta zama injiniya ba tukuna. Sunan injiniya sai an cika shekara 5 bayan bak, a makaranta irin EMIG ta Yamai, makarantar ma'adinai da masana'antu, inda ake shiga ta jarrabawar gasa, ko 2iE ta Wagadugu, ko wata makarantar waje. Lisans ta fizik kuwa, ita kaɗai, ba ta koya miki wata sana'a da mai kamfani zai gane. Tushe ce. Wadda ta tsaya nan, abin da ke jiranta galibi shi ne aji: bautar ƙasa, sannan kwantaragi, tana koyar da fizik da kimiyyar sinadarai a kwaleji ko lise. Malaman kimiyya sun yi ƙaranci, don haka ba za ta rasa aji ba, kuma horon malanta na ENS a Yamai yana ƙara mata daraja. Idan koyarwa kike so da gaske, hanya ce mai kyau. Idan kuwa kin shiga fizik ne don ki yi bincike ko ki yi aiki da na'urorin zamani, ki sani tafiyar shekara 5 zuwa 8 ce.

Abin da ake karantawa

Shekarar farko ta fizik rabinta lissafi ne tsantsa: analiz, aljebra, da lissafin bektoci, sannan motsin abubuwa, haske da madubai, tushen lantarki, da ɗan sinadarai da kwamfuta. Shekara ta biyu ake shiga zafi da makamashi, maganaɗisu, da igiyoyin motsi. Ta uku ake kai wa ga kwantik da fizik ta ƙididdiga, inda ba abin da za ki gani da ido ko ki taɓa da hannu, sai alli da allo. Inda ɗalibai ke faɗuwa sananne ne. Mai bak D ta saba da haddace darasin halittu ta ci maki, sai ta tarar a nan ana ba da tambayar da ba a taɓa yin irinta a aji ba. Wadda ta zo daga bak C ko E, masu nauyin lissafi, ta riga ta sha wannan wahalar a lise. Mai bak D tana iya wucewa sarai, amma sai ta yi amfani da hutun da ke tsakanin bak da buɗe jami'a ta gyara intigiral, lambobin kwampleks da tirigonometiri. Kuskure na biyu shi ne raina zaman TD, inda ake warware tambayoyi a ƙaramin rukuni. Lacca ana iya kwafe ta daga littafin ƙawa, TD kuwa ba a aron ta. Ana neman 10 bisa 20 don a ci darasi. Wanda aka faɗi sai a jarrabawar ramuwa, in ba a ci ba ya zama bashi ya bi ki shekara ta gaba, kuma bashin lissafin shekarar farko shi ke kayar da mutum a ta biyu, don duk darussan a kansa suke tsaye.

A IUT lissafin bai kai wancan zurfi ba, amma lokacin ya fi cika. Ana kiran suna, akwai aikin hannu a ɗakin gwaji da wurin injuna, akwai zane, akwai rahoto kusan kowane mako. Mai karatun gini za ta yi ƙarfin kayan gini, kankare mai ƙarfe, awon ƙasa da na'urar safiyo, gwajin ƙasa irin Proctor da CBR da ake yi kafin a shimfiɗa hanya, ƙididdigar kayan aiki, da zane da AutoCAD. Mai lantarki za ta yi taransifoma, injin mai layi uku, haɗa wutar gida da ta masana'anta a kan bolt 220 da 380, na'urorin sarrafa kai, da wutar rana. Mai injuna za ta yi zanen sassa, sassaƙar ƙarfe, walda da gyaran inji. Gurabe ƙididdigaggu ne, ana tace masu shiga, don haka makinki na lissafi da fizik a bak yana da nauyi. Ƴan matan da suka fito daga lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa da bak E ko F sun riga sauran sanin zane da kayan aiki. Su kuma matsalarsu takan fito ne daga baya, lokacin gasar shiga makarantar injiniya, inda lissafi ke dawowa da ƙarfinsa.

Misali ɗaya zai nuna yadda kawunan biyu ke aiki. Faifan wutar rana da aka rubuta masa wat 400, an auna shi ne a zafin digiri 25. A rufin kwano a watan Afrilu a Maraɗi, jikinsa yana iya kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, wato ya yi asarar kusan kashi 16 tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu. Ɗalibar fizik ita ce za ta bayyana miki abin da ke faruwa cikin silikon ɗin har ƙarfin ya faɗi, ta auna shi, ta zana yadda yake sauyawa, wataƙila ta rubuta masta a kai. Ɗalibar lantarki tambayarta daban: gidan da ke cin kilowat-awa 3 a yini, faifai nawa zai saya? Ta ɗauki awa 5.5 na cikakkiyar rana, ta bar kashi 30 na asara, ta samu kusan wat 780, wato faifai biyu. In kilowat-awa 2 ake ci da dare kuma batirin na dalma ne, wanda ba a sauke shi ƙasa da rabi, tana buƙatar batir biyu na bolt 12 masu amfiya-awa 200 a jere, su ba da bolt 24. Wutar da ke bi ta kai amfiya 33, don haka siririyar waya za ta yi zafi ta cinye ƙarfin, sai mai kaurin milimita murabba'i 10. Ta fuskantar da faifan kudu, ta karkata shi kamar digiri 15, ta bar iska tana ratsa ƙarƙashinsa. Ki karanta waɗannan biyun ki ji wanne ya ja hankalinki. Wannan gwaji ya fi duk wata shawarar ƴan uwa gaskiya.

Inda aikin yake

Ga mai lantarki, a ganinmu, kasuwa ta fi faɗi kuma ta fi kusa da gida. Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 kowa ya ga amfanin faifan rana. Akwai kamfanin wuta na ƙasa NIGELEC, akwai tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, akwai kamfanonin waya masu dubban eriya da ke buƙatar batir da janareto, akwai famfunan rana na garake da rijiyoyin burtsatse. Mafi muhimmanci, sana'a ce da mace za ta iya buɗe nata wuri a cikin gari da ma'aikata biyu ko uku, kuma akwai gidajen da maigida ya fi sakin jiki mace ta shiga ciki ta duba wuta.

Gini shi ma ba ya yankewa: azuzuwa, gidajen likita, magudanan ruwa da ambaliyar daminar 2024 ta nuna ana matuƙar buƙatarsu, da layin dogo na Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021. Sai dai aikin yana bin kwangila. Yau ana nan, gobe an koma wani gari. Amma ba duk mai takardar gini ke yini a rana ba. Ofishin nazari, inda ake zane da lissafin ƙarfe da ƙididdigar kuɗin aiki, da ɗakin gwajin kaya, da ma'aikatun gwamnati masu sa ido, duk aikin zaune ne mafi yawan lokaci. Injuna, ma'adinai da man fetur kuwa suna da albashi mai kyau amma suna nesa: matatar SORAZ a Damagaram, rijiyoyin Agadem, kwal na SONICHAR a Cirozerin, yuraniyom na Arlit, siminti na Malbaza. Yawanci ana yin makonni a sansani kafin a dawo gida. Kuma ma'adini yana ƙarewa, kamar yadda aka rufe COMINAK a 2021.

Fizik tana da ƙofofi masu kyau, amma kusan dukkansu a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 600, kuma bayan masta ko gasa. EAMAC ta hukumar ASECNA tana horar da masana yanayi da na'urorin filin jirgi, kuma masu ƙarfin lissafi da fizik ne ke cin jarrabawarta. AGRHYMET da ACMAD suna aikin yanayi da ruwan sama. Jami'ar Abdu Mumuni tana da cibiyar binciken sinadaran nukiliya, IRI, da shirin WASCAL kan sauyin yanayi da makamashi. Cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai ta fara gashi da haske a 2021, aikin da ba ya yiwuwa sai da masanin fizik na likita mai auna yawan hasken da za a ba majinyaci, kuma majinyata da yawa mata ne. Ƙasar da ke haƙo yuraniyom kuma dole ta samu masu kula da kariya daga haskensa. Guraben nan kaɗan ne, amma masu cancantar su ma kaɗan ne. Kada a manta babbar jami'ar ƙasar sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda ya shugabanci hukumar makamashin rana ONERSOL daga 1969 zuwa 1985.

Akwai wata dabara da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Shekara biyu ko uku na fizik shiri ne mai kyau na gasar shiga makarantar injiniya, don lissafin da ake tambaya shi ne wanda kika sha. Daga fizik zuwa injiniya hanya a buɗe take. Daga DUT zuwa masta ta fizik kuwa da wuya, don an bar ki a baya a darussan tushe. Saboda haka mai ƙarfin lissafi da ba ta yanke shawara ba, fizik ta fi bar mata zaɓi, muddin ta fito da maki mai kyau. Lisans da aka ci da ƙyar ba ta buɗe ko ɗaya daga waɗannan ƙofofi.

Abin da ya shafi mace kai tsaye

Hijabi ba ya hana aikin injiniya, amma sai an san yadda ake sa shi. Duk abin da ke lilo, gyale ne, bakin hijabi ne ko hannun riga mai faɗi, injin sassaƙa ko belin mota yana iya kama shi ya ja mutum cikin ƙiftawar ido. Ana sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa bakinsa cikin rigar aiki, hular kwano a sama. Kusa da walda ko allon wuta a sa na auduga, don yadin roba yana narkewa ya manne a fata. Zobe, warwaro da sarƙa a cire su kafin a taɓa wuta. Takalmin kariya ƙananan lamba yana wuyar samu, a nema tun kafin lokacin sitaj, wato zaman koyon aiki a kamfani ko ma'aikata.

A wurin gini, magina da lebura sukan gwada sabuwar ma'aikaciya, kuma ɗaga murya ba ya sa su ji maganarta. Abin da ke sa wa shi ne awo da rubutu. Kankaren dakali ko ginshiƙi ana zuba masa kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7, da kusan lita 400 na yashi, 800 na tsakuwa, 175 na ruwa. Lebura yana son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushin zubawa, kuma wannan ruwan shi ke barin ƙananan ramuka ya kashe ƙarfin kankaren. Mai kwangila kuma wani lokaci yakan so buhu 6 ya yi aikin 7. Wadda ta ƙirga buhu da idonta, ta yi gwajin mazurari na auna laushin kwaɓin kafin a zuba, ta ɗebi samfur aka fasa shi bayan kwana 7 da kwana 28, ta sa aka riƙa shayar da dakalin aƙalla mako guda saboda zafin garinmu, ta rubuta komai a littafin wurin aiki aka sa hannu, ba za a daɗe ana jayayya da ita ba. Ta kira tsohon magini Baba ko Malam, ta tambaye shi ra'ayinsa, amma adadin buhu ba abin sasantawa ba ne.

A ɓangaren fizik, wahalar ta fi zama ta kaɗaici. Kina iya samun kanku ku biyu ko uku a aji, ga rukunin bita na maza da ke zama bayan isha'i, lokacin da ba a barin ki fita. Maganin shi ne ku kafa naku rukunin da rana, tsakanin darussa, ko da da ƴan sashen lissafi ne, kuma ki nemi ɗaki a gidan kwanan ɗalibai na CROU idan gidanku na da nisa ko aikin gida na cinye miki maraice. Duk ganawa da malami a yi ta a ofis, lokacin aiki, in da hali ku biyu. Wannan ya shafi sassan biyu, kuma ya shafi wurin sitaj.

Maganar aure ita ce ke yanke hukunci a gidaje da yawa, gara a yi ta a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan akwai manemi, iyaye su sa sharaɗin karatun tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, kuma a fayyace shi: shekara nawa, har da watannin sitaj, har da yiwuwar zama a Yamai. "Zan bar ta ta yi karatu" kawai ba ya isa, don mai faɗin haka sau da yawa lisans a cikin gari yake nufi. Ta wannan fuska IUT ta fi tsauri cikin shekarun karatu, saboda aikin hannu da aka rasa lokacin haihuwa yana da wuyar ramawa, amma tana ƙarewa da wuri. Fizik ta fi sassauci a kullum, sai dai doguwa ce, kuma masta da doktora suna faɗowa daidai shekarun goyo. A wurin aiki dokar ƙwadago ta Nijar ta ba da hutun haihuwa na mako 14. Mai aiki da hasken nukiliya kuma dole ta sanar da ciki da wuri, domin iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, ta jaririn da ke ciki kuwa 1 ce kacal, sai a sauya mata wurin aiki.

Kuɗi da tallafi

Burs, wato tallafin karatu na hukumar gwamnati ta ANAB, ana neman ta da takardu cikin wa'adi, kuma takan yi jinkiri, don haka gida ya tanadi abin watannin farko. Mai karatun gini ko injuna tana buƙatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki aƙalla giga 8 don manhajar zane, da kayan kariya, da kuɗin zama idan sitaj ya faɗa wani gari. Mai fizik ƙaramar kwamfuta ta ishe ta, ta koyi Python tun shekarar farko. Tallafin waje ya fi yawa a ɓangaren kimiyya: cibiyoyin lissafi na Afirka AIMS, har da ta Senegal, suna ba da masta ta shekara ɗaya kyauta, cibiyar fizik ta ICTP a Tiriyeste ta Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya, ƙungiyar mata masana kimiyya ta OWSD kuma tana ɗaukar nauyin doktora ga mata kaɗai daga ƙasashe irin namu. Kusan dukkansu sai da Ingilishi, kuma ɗalibar Maraɗi da Katsina ke kusa da ita ba ta da uzurin barin sa sai shekara ta uku. Mai tunanin Nijeriya ta san digirin injiniya a jami'o'i irin ABU Zariya da Bayero ta Kano shekara 5 ne, na fizik 4, kuma sai an yi wa takardar daidaito in an dawo. Makaranta mai zaman kanta kuwa, a tambayi izinin gwamnati da amincewar CAMES, majalisar da ke tantance takardun ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da dama, a kan ainihin fannin da za a karanta, a ga takardar da ido kafin a biya ko dala.

Hukuncinmu shi ne wannan. Wadda shekara 3 kawai take da tabbacinsu, ko gida na jiran ta fara kawo wani abu, ta nemi IUT, lantarki a gaba, gini na biye, ta bar ƙofar EMIG a ranta. Wadda lissafi ke mata daɗi, aka kuma amince mata da shekara 5 da tafiya Yamai, ta shiga fizik ta yi niyyar fita cikin na gaba a aji. Wadda ke son fizik amma ba za a bar ta ta fita gari ba, ta shiga da sanin cewa malanta za ta yi. Kowacce ta cika takardun wuraren biyu, don gurbin IUT ba tabbas ba ne, ta kuma tanadi kwafin takardar haihuwa, ta zama ƴar ƙasa da sakamakon bak da aka buga wa hatimi tun kafin a sanar da buɗe rajista.